Awon da Ya Rage a Makarantun Kumbotso

Majemun fata da masaƙu da kamfanonin roba na Sharada, Challawa da Bompai a Kano sun jawo ma'aikata daga ko'ina a Najeriya: Ibo, Yarabawa, Igala, Tibi, 'yan Kudancin Kaduna, ga Hausawan karkara da suka zo cin rani suka zauna. Masaƙu da dama sun rufe, amma mutanen suna nan a Panshekara da Sheka da Challawa a ƙaramar hukumar Kumbotso, 'ya'yansu kuma suna zuwa makaranta. Shin makarantar tana haɗa su, ko kowa tasa ta fisshe shi?

Idan jami'an duba makarantu suka zo, abin da ya fi ɗaukar hankalinsu sananne ne: rajistar ɗalibai, tsarin darasi, yawan kujeru da sakamakon jarrabawa. Duk suna da muhimmanci, amma babu wanda ke nuna ko ɗan limami da ɗan fasto suna cin abinci tare lokacin tara. Wanda ya tuna rikicin Mayun 2004, da ya ɓarke a Kano bayan kashe-kashen Yelwa ya kuma taɓa Sharada, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ingila ta taɓa gwada auna irin wannan cuɗanya a makarantu. Bayan tarzomar Bradford, Oldham da Burnley a 2001, rahoton Ted Cantle ya nuna al'ummomi na zaune gefe da gefe ba tare da cuɗanya ba. Daga 2007 doka ta ɗora wa makarantu nauyin haɗa kan jama'a, hukumar duba makarantu ta Ofsted ta fara dubawa a 2008, amma dokar 2011 ta cire wannan daga aikin masu duba. Abin yana da wuyar awo, domin makaranta na iya shirya ranar al'adu, a yi rawa, a ɗauki hoto, washegari kowa ya koma rukuninsa.

A Kumbotso akwai alamomin da suka fi hoto faɗin gaskiya. Su wa ke cikin kwamitin gudanar da makaranta (SBMC)? Mai unguwa da limami ne kaɗai, ko har da iyaye mata da baƙin da ke aiki a kamfani? Su wa ke zuwa taron iyaye da malamai? 'Ya'yan wa ake cirewa a kai makarantar kuɗi, kuma me ya kore su? Idan yara suka yi faɗa har aka zagi ƙabila ko addini, a ofishin hedimasta ake kashe maganar, ko sai ta kai unguwa?

Amsoshin ba sa bukatar kuɗi, rajista da tambayar iyaye sun isa. Tunda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, ana gyara ajujuwa ana ɗaukar malamai, ya dace hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta saka waɗannan tambayoyi a takardar duba makarantu, ta fara gwadawa a Kumbotso.