Kyaftin biyu da wuƙa biyu: darasin wani shirin sararin samaniya ga matasan Haɗeja

Ka taɓa tura wa babanka sitika a WhatsApp ya kira ka yana tambaya lafiya? Kai dariya kake nufi, shi kuma fuskar wani mutum kawai ya gani. Hoton ya isa wayarsa sarai, labarin da ke bayan hoton ne bai sani ba. A kan irin wannan matsala aka gina wani kashi na shirin talabijin ɗin Amurka mai suna Star Trek: The Next Generation. Sunan kashin "Darmok", an fara nuna shi a 1991, kuma har yau masu kallo na lissafa shi cikin waɗanda suka fi fice.

Ga labarin a taƙaice. Jirgin sararin samaniya Enterprise, ƙarƙashin Kyaftin Picard (Patrick Stewart ne ya fito a matsayinsa), ya haɗu da jirgin wasu halittu da ake kira Tamariyawa. Mutanen Picard na da na'urar da ke fassara kowane harshe nan take, amma a nan ta gaza. Kalmomin suna fita daidai, sai dai Tamariyawa ba sa cewa "zo mu haɗa kai" ko "na gane". Sunan wani jarumi da sunan wani wuri suke ambata daga labaran kakanninsu. Wanda bai san labarin ba, sai dai ya yi ta kallonsu.

Kada ka yi musu dariya, mu ma haka muke. Ka ce wa baƙo "ganin Dala ba shiga birni ba", in bai san dutsen Dala da Kano ba, me ka gaya masa? Ka ambaci Mai Shahada a gaban ɗan Haɗeja, nan da nan zai tuna Sarki Muhammadu da yaƙin Turawa na 1906. Wani daga nesa suna kawai zai ji.

Da magana ta ƙi, sai kyaftin ɗin Tamariyawa, Dathon, ya yi kasada. Ya sa aka sauke shi da Picard su kaɗai a wata duniya mai suna El-Adrel, yana riƙe da wuƙa biyu. Ya jefa wa Picard ɗaya, Picard ya ƙi ɗauka don ya zaci faɗa ake nema. Dare ya yi, sanyi ya sauko, wutar Picard ta ƙi kamawa, sai Dathon ya jefo masa itace mai ci da wuta. Washegari wani dodo da ba a ganinsa sosai ya far musu. A nan Picard ya gane: wuƙar ta yaƙar dodo ce tare, kamar yadda jarumai biyu suka yi a labarin Tamariyawa har suka zama aminai.

Abin tausayin, mutanen Picard da ke sama sun yi ƙoƙarin ɗauke shi ana tsakiyar artabu, aka bar Dathon shi kaɗai ya ji mummunan rauni. Da dare Picard ya ba shi labarin Gilgamesh da abokinsa Enkidu, tsohon labari daga yankin Iraƙi ta yau. Dathon ya rasu. Picard ya koma jirgi ya tarar har an fara harbi, ya yi wa Tamariyawa magana da irin salonsu, faɗa ya tsaya. Su kuma suka sa sunan Picard da na Dathon cikin harshensu, ya zama sabon labari.

To, me ya haɗa wannan da Haɗeja? Mu sauka fadama.

Kogin Haɗeja yana tasowa daga jihar Kano, ya biyo ta Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru. Manomi da makiyayi da masunci duk a nan suke cin abinci. Akwai Bahaushe, akwai Bafulatani, akwai Manga da Bade, kuma a kasuwa kusan kowa Hausa yake ji. Na'urar fassara muna da ita ke nan. Amma ka ce "fadama": manomi shinkafarsa da alkamar rani yake gani, makiyayi na tuna inda kakansa ke kawo shanu in ruwa ya janye, masunci kuma wurin da kifi ke hayayyafa yake nufi. Kalma ɗaya, labari uku. Shi ya sa rikicin manoma da makiyaya a wurare irin su Guri da Kirikasamma ke yawan dawowa bayan an yi sulhu: an ji maganar juna, ba a ji labarin juna ba.

Dodon ma muna da shi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin tafiyar ruwan ya canja. Ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Wani gari ruwa ya mamaye gonaki, wani kuma ko ɗigo bai isa ba. Kwalekwale ba ya wucewa, tsuntsayen jan-baki na fakewa a ciki su cinye hatsi, makiyaya ta ragu. Ambaliyar 2022 ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ba. Ƙauyukan da ke fita gayyar sare kachala sun riga Dathon gano wannan dabara: wanda kuka shiga ruwa tare har wuya, da wuya ka ɗaga masa adda gobe.

Mu da ke riƙe da waya, rawar mutanen cikin jirgi muke takawa. Muna nesa, muna ganin rabin abu, hannunmu na kan maɓalli. Bidiyon daƙiƙa 30 na gonar da shanu suka ci, ko na saniyar da aka sare, kan zagaye Facebook da TikTok kafin mai gari da arɗo su zauna. Kafin ka tura, ka tambaya: a ina ne, yaushe ne, me ɗaya ɓangaren ya ce?

In kuma kana son yin bidiyo, ga aiki. Je ka wurin tsohon masunci ya nuna maka inda ruwa ke bi a da. Je ruga ka tambayi inda burtali yake kafin a nome shi. Zauna da manomin da ambaliya ta cinye wa shinkafa. Ka ɗora su duka a shafinka, kowa da bakinsa. Zuwa da kai ya fi aike, kuma kai ba sai ka hau jirgin sararin samaniya ba, kuɗin babur ya ishe ka.