Lambar Ƙwayar HPV da Makomar Mai Sankarar Bakin Mahaifa

Idan likitoci suka ce HPV, ba ƙwaya guda suke nufi ba. Dangi ne babba na ƙwayoyin birus da suka haura iri 200, kowanne da lambarsa. Akasarinsu ba su da wata illa ta a zo a gani. Lamba 6 da 11, alal misali, su ne ke haddasa mafi yawan tsiron da ke fitowa a al'aura, amma da wuya su kai ga sankara. Waɗanda aka tabbatar suna jawo ta ba su wuce goma sha biyu zuwa sha huɗu ba, kuma a cikinsu biyu ne suka yi fice: lamba 16 da 18, waɗanda ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa a duniya. Masanin Jamus Harald zur Hausen da abokan aikinsa ne suka zaƙulo su daga tsokar masu cutar a 1983 da 1984, a lokacin da yawancin masana ke zargin wata ƙwaya daban, kuma aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 2008. Tun daga nan aka shiga tambayar da ke da nauyi a wajen kowace majinyaciya: shin lambar ƙwayar da ta kama ta tana nuna ko za ta warke? Ra'ayina, bisa abin da bincike ya tara, shi ne lambar tana da babban tasiri kafin sankara ta kafu, amma bayan ta kafu, matakin da aka gano ta da irin maganin da aka samu su ne ke riƙe da akalar lamarin.

Dalilin haka yana cikin yadda ƙwayar ke aiki. Kamuwa da HPV ruwan dare ne, domin yawancin mutanen da suka taɓa saduwa sun gamu da ita a wani lokaci, har da macen da ba ta san kowa ba sai mijinta. Wannan ya kamata a faɗe shi da babbar murya, saboda zargin da ake jifan mata da shi. Cikin kamuwa goma, kusan tara garkuwar jiki ke kawar da su cikin shekara biyu ba tare da mace ta ma san an yi ba. Matsalar tana ga wadda ta maƙale. Nau'o'in masu haɗari suna ƙera sinadarai biyu, E6 da E7, waɗanda ke kashe p53 da Rb, wato birkin da ke hana tantanin jiki hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Lamba 16 ta fi sauran iya maƙalewa, shi ya sa ita kaɗai ke ɗauke da fiye da rabin cutar. Duk da haka abin ba dare ɗaya yake faruwa ba. Daga kamuwa zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwar jiki, kuma mace mai ɗauke da HIV ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da sankarar har ninki shida. A tsawon waɗannan shekaru sanin lamba yana da amfani kai tsaye: wadda gwaji ya nuna tana da 16 ko 18 akan gaggauta duba bakin mahaifarta, a ƙone ko a yanke wurin da ya fara canzawa tun bai zama sankara ba.

Da zarar cutar ta kafu, lissafin ya sauya. Likitoci kan kasa ta mataki huɗu, daga wadda ba ta fita daga bakin mahaifa ba har zuwa wadda ta kai mafitsara, dubura ko huhu. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa cikin matan da aka gano cutarsu tun ba ta bazu ba, kusan tara cikin goma suna raye bayan shekara biyar. Idan ta shiga sassan da ke kewaye, adadin kan sauka zuwa kusan shida cikin goma, idan kuwa ta yi nisa, bai kai biyu cikin goma ba. Babu wani bambanci tsakanin lambobin HPV da ya taɓa kusantar wannan giɓi. Girman ƙarin, shigarsa kaluluwa, ƙarancin jini da ingancin jinyar da aka yi, duk sun fi lamba ƙarfi wajen hasashen makoma.

Mai ja da wannan magana yana da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Lamba 18 da 'yar uwarta 45 sun fi alaƙa da irin sankarar da ke tasowa daga tantanin da ke fitar da majina a can cikin ƙofar mahaifa, inda tsohon gwajin Pap kan kasa kaiwa. Sukan kuma kama mata da ƙuruciya fiye da sauran lambobi. Wasu bincike, ciki har da na Taiwan, sun samu cewa masu irin waɗannan lambobi ba su cika amsa maganin gashi (radiotherapy) kamar masu lamba 16 ba, wasu binciken kuma ba su ga bambancin ba bayan sun daidaita matakin cuta da shekarun mata. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne ɓuyar da ƙarin ke yi tana jinkirta gano shi, kuma jinkiri shi ne ke ɗaga mataki. Har yanzu likita ba ya canza wa mace magani don kawai takardarta ta ce 18 maimakon 16.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, ta kuma zo da abin mamaki. Wani bincike da aka yi a Suwidin, aka wallafa a 2018, ya bi diddigin mata kusan 2,800, ya gano cewa waɗanda aka samu HPV mai haɗari a ƙarinsu sun fi tsawon rai a kan waɗanda ba a samu ba: kusan kashi 74 cikin ɗari bayan shekara biyar, a kan kashi 54. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba sankarar bakin mahaifa gida biyu, mai alaƙa da HPV da marar alaƙa da ita, domin ta biyun takan zo wa mata masu shekaru kuma ta fi taurin kai. Na yarda wannan bambanci ne na gaske. Sai dai ya shafi kasancewar ƙwayar ko rashinta ne, bai shafi fifikon wata lamba a kan wata ba, kuma masu cutar da babu HPV ƙalilan ne ƙwarai.

Idan aka dubi taswirar mace-mace, maganar ta ƙara fitowa fili. A 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu a duniya, kusan 350,000 suka rasu, kuma kashi 94 cikin ɗari na mamatan a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. A Najeriya, a 2020, an ƙiyasta sabbin masu cutar 12,000 da mamata 8,000. Lamba 16 da 18 ɗin da ke Kano su ne ke Landan, amma makomar matan biranen biyu ta sha bamban. Akwai dai wani abu da ya keɓanta da Afirka: lamba 35 ta fi yawa a cikin matan kudu da Sahara, kuma ba ta cikin kowace allurar rigakafin da ake da ita yanzu, har da mai kare nau'i tara. Wasu kan ɗauki wannan su ce to allurar ba tamu ba ce. Kuskure ne mai tsada. Allurar da Najeriya ta fara bayarwa kyauta a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 tana kare su daga 16 da 18, kuma a Ingila, wani bincike na 2021 ya nuna cutar ta ragu da kashi 87 cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa allurar suna da shekara 12 zuwa 13. Abin da lamba 35 ke koyarwa shi ne rigakafi bai ɗauke wa mace gwaji ba idan ta kai shekara 30, ko 25 ga mai HIV.

Akwai wanda zai ce jingina komai a kan matakin cuta tamkar ɗora wa mata laifin jinkiri ne. Wannan ƙorafi ya dame ni, domin jinkirin ba daga gare su kaɗai yake ba. Matar da ta ga jini bayan saduwa, ko jini ya dawo mata shekaru bayan al'ada ta ɗauke, sau da yawa tambayar farko da takan kai wa malama ita ce hukuncin sallah da jinin istihala. Wadda farin ruwa mai wari ya addabe ta kuwa, a kemis za a ce mata sanyi ne, a ƙulla mata ƙwayoyi, ta sha wata da watanni. Babu mai ce mata ta je a duba bakin mahaifa, alhali a ƙaramin asibiti ma ana iya shafa ruwan binigar a wurin, a haska fitila, a ga inda ya yi fari cikin minti ɗaya ko biyu. Idan kuma cutar ta wuce tiyata, abin da ake buƙata shi ne gashi daga waje da daga ciki, haɗe da ƙarin ruwan cisplatin, a kammala duka cikin mako takwas. Kowane mako da aka ƙara yana rage damar warkewa. Cibiyoyin gashi a arewacin Najeriya 'yan kaɗan ne, irin na Zariya da Sakkwato, Nijar kuwa sai a 2021 ta buɗe tata ta farko a Yamai. Matar da ta taso daga ƙauyen Damagaram ko Gashuwa sai ta nemi kuɗin mota, masauki da mai jinya na wata biyu kafin a zo maganar kuɗin maganin kansa, kuma da yawa kan koma gida kafin a kammala saboda guzuri ya ƙare.