Lexus RX: Jiki na jif, ƙashi na Camry

Mu da ke cin kasuwar Malanville, daga Garou har Gaya, mun sha ganin Lexus RX cikin jerin motocin Kwatano masu tsallaka gadar Kwara, kafin a toshe gadar bayan juyin mulkin Nijar a 2023. To amma mu nawa ne muka san asalinta?

Kamfanin Toyota ne ya fito da ita a Japan a Disambar 1997 da sunan Harrier, sannan ta shiga kasuwar Amurka a 1998 a matsayin RX 300, mai injin silinda 6. RX 330 ta biyo baya a 2003. Dabarar injiniyoyin ita ce, sun ɗora jiki mai tsayi irin na jif a kan ƙashin Camry, domin masu hali su sami taushin tafiya.

A nan gizo ke saƙar. Ba ta da shasi mai ƙarfi irin na Hilux. Duk wanda tsayinta ya ruɗa, ya labta mata buhunan albasa ya shiga hanyar burji, zai ƙare a wajen bakanike.

Saboda haka, 'yan uwa, mu duba kafin mu zuba jari: motar fita kunya ce, ba ta dako ba.