Jakar Hof: Tsabtar Tukunya ko Ƙarfin Ɗanɗano?

Ɗacin da giyar Turawa take da shi daga wani tsiro mai yaɗo yake zuwa, wanda suke kira hof. A cikin furensa akwai wani gari rawaya mai danƙo, shi ke ɗauke da ɗacin da ƙamshin. Dokar Bavariya ta 1516 ta sa shi cikin abubuwa uku da aka yarda a yi giya da su, tare da ruwa da sha'ir. Yau an fi noma shi a Hallertau ta Jamus da kwarin Yakima na Amurka. Burkutun da ake dafawa da dawa a ƙasarmu ba ruwansa da shi.

Tun da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar 1978 da ta halasta wa Amurkawa dafa giya a gida, masu wannan sha'awa suka yawaita, kuma galibinsu ba furen suke saye ba. Ana busar da shi, a niƙe, a matse ya zama 'yan ƙwayoyi kore kamar abincin kifi. Sun fi jure ajiya, ba sa cin wuri. Amma da sun faɗa tafasasshen ruwan sha'ir sai su kumbura su wargaje, su koma laka mai toshe tiyo da na'urar sanyaya ruwan.

Shi ya sa wasu ke zuba su cikin 'yar jaka, su ɗaure bakinta, su rataya a tukunya. Yadin auduga mai shara-shara yana da araha, sai dai garin na bi ta ƙofofinsa ya fice. Nailan mai ƙananan idanu ya fi riƙewa, ana kuma wankewa a sake amfani da shi, muddin bai kwanta a gindin tukunya ya ƙone ba.

Sai dai tsabtar ba kyauta take zuwa ba. Sinadarin ɗacin ba ya narkewa sai ya daɗe yana juyi cikin ruwa mai tafasa, yawanci minti 60. In aka cusa ƙwayoyin a ƙaramar jaka, suna kumbura su dunƙule, ruwa ya yi ta lasar bayan curin, tsakiya kuwa ko oho. Giyar sai ta fito salam. A ganina kuskuren ba na jakar ba ne, na rowar wuri ne: jakar ta zama babba, a ɗaure ta sako-sako, ƙwayoyin su sami filin yawo. Wasu kan ɗan ƙara yawan hof don cike giɓin.

In kuma bayan ruwan ya huce za a sa hof don ƙamshi kawai, sai an fara tafasa jakar a kashe ƙwayoyin cuta, a jefa wani ƙarfe marar tsatsa a ciki don ta nutse. Akwai kuma waɗanda ba sa kula jaka sam. Suna juya ruwan da ludayi har lakar ta taru a tsakiyar tukunya, su tsiyaye ta gefe.