Daidaita Takun Farfela da Saurin Juyin Inji a Jiragen Ruwa Masu Gudu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin dangantakar da ke tsakanin takun farfela da saurin juyin inji a ƙananan jiragen ruwa masu tsananin gudu. An fayyace ma'anar taku da zamiya, an kawo lissafin da ke haɗa su da gudun jirgi, sannan an nuna illar da kuskuren zaɓi ke jawo wa inji da hanyar gyara shi.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1894 injiniyan Ingila Charles Parsons ya ƙera jirgin gwaji mai suna Turbinia, wanda injinsa ke da ƙarfi ƙwarai. Sai dai da aka saka shi a ruwa, gudunsa ya gaza abin da aka lissafa nesa ba kusa ba. Bincike ya nuna cewa laifin na farfela ne, domin ta kasa miƙa ƙarfin injin ga ruwa. Bayan an sake tsari, aka sanya farfela tara a kan sanduna uku, jirgin ya kai kusan kilomita 64 a awa a shekarar 1897. Wannan ya tabbatar da cewa ƙarfin inji shi kaɗai ba ya tura jirgi, sai an sami farfelar da ta dace da shi. Yawancin jiragen ruwa masu gudu giya ɗaya tak suke da ita ta gaba, saɓanin mota. Saboda haka farfela ce ke ɗaukar matsayin giya, kuma zaɓenta ne ke yanke yawan juyin da inji zai iya kaiwa.

2.0 Ma'anar Taku da Zamiya

A kan kowace farfela akan rubuta lambobi biyu, misali 14.5 × 19. Ta farko faɗin da'irar da fuka-fukanta ke zanawa ne, da ma'aunin inci. Ta biyu kuwa nisan da farfelar za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce cikin abu mai tauri take ratsawa, kamar yadda kusa mai zare ke nutsewa cikin katako. Wannan nisan shi aka kira taku a wannan maƙala, domin kamar yadda mai dogon taku ke cin ƙasa mai yawa a ɗaga ƙafa ɗaya amma yana buƙatar ƙarfi, haka farfela mai dogon taku take.

Da yake ruwa yana kaucewa idan an tura shi, farfela ba ta cika takunta. Giɓin da ke tsakanin nisan lissafi da nisan zahiri shi ne zamiya. Zamiya ba aibi ba ce, domin da ita farfela ke samun abin turawa. A jirgi mara nauyi da aka daidaita da kyau takan tsaya kusa da kashi 10 cikin ɗari, a jirgi mai nauyi kuma takan haura haka sosai.

3.0 Lissafin Gudu

Kowane kamfani yakan ƙayyade iyakokin juyin da injinsa ya kamata ya kai idan an buɗe totur baki ɗaya. Injin 450R, wanda sashen tsere na kamfanin Mercury da ke Amurka ya fitar a 2019, an tsara shi ya yi juyi 5,800 zuwa 6,400 a minti, kuma giyarsa tana rage juyin da ma'aunin 1.60 zuwa 1.

Idan wannan inji yana juyi 6,000 a minti, farfela za ta yi juyi 3,750, wato 6,000 raba 1.60. Idan takunta inci 28 ne, za ta ci inci 105,000 a minti. Mil ɗaya inci 63,360 ne, awa kuma minti 60, don haka akan raba da 1,056 a sami mil a awa. Sakamakon ya kai mil 99.4. Idan aka cire zamiya ta kashi 10, saura mil 89.5, wato kusan kilomita 144 a awa.

A takarda, ƙara taku yana ƙara gudu. A kan ruwa kuwa ƙarin taku ƙarin kaya ne ga inji. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce, ƙarin inci ɗaya yakan rage juyin inji da kimanin 150 zuwa 200 a minti, ragin inci ɗaya kuma ya ƙara shi da kwatankwacin haka.

4.0 Illar Kuskuren Zaɓi

Idan taku ya yi tsawo, inji yakan kasa kaiwa iyakar ƙasa da aka ƙayyade masa. Halinsa yana kama da na babbar mota mai hawan tudu da giyar ƙarshe. Zafi da matsin da ke cikin silinda suna ƙaruwa, fetur yana iya fashewa ba bisa tsari ba, kuma daɗewa a haka yakan lalata fistin da boris. Jirgin kansa yakan yi nawa wajen tashi ya hau saman ruwa.

Idan kuma taku ya gaza, jirgi yakan zabura da wuri, amma inji ya zarce iyakarsa ta sama. Injunan zamani suna da na'urar da ke taka musu birki a wannan gaɓa, sai mai ya ƙone ba tare da ƙarin gudu ba. Injin da ba shi da wannan kariya kuwa bawul da sandunan fistin ɗinsa ne ke shan wahala.

Akwai abubuwa biyu da ke iya ruɗar mai gwaji. Na farko shi ne shan iska, inda farfela ke jawo iska daga saman ruwa ko hayaƙin inji, sai ta rasa kamu, juyi ya yi sama farat ɗaya. Na biyu shi ne kumfar tururi, wadda ta addabi Turbinia: matsin ruwa a bayan fiffike yana faɗuwa har ruwan ya tafasa ba tare da zafi ba, kuma fashewar kumfar tana cin ƙarfen farfela. Duka biyun suna sa a zaci taku ne ya gaza.

5.0 Hanyar Daidaitawa

Gwaji na buƙatar ingantaccen ma'aunin juyi, da na'urar GPS, da nauyin da jirgin ya saba ɗauka na mutane da mai. Idan farfela mai taku 30 ta tsayar da injin da aka ambata a juyi 5,600, alhali ana neman 6,200, giɓin 600 ne. Da ƙa'idar 200 a kowane inci, sai a sauko zuwa taku 27, a sake gwadawa. Wannan lissafi mafari ne kawai, domin wasu abubuwa suna tasiri. Farfela mai fuka-fukai huɗu ta fi mai uku kama ruwa, kuma takan rage juyi. Haka ma lanƙwasar da akan yi a bakin fiffike. Ɗaga inji sama yana rage jan ruwa, shi ya sa jiragen tsere ke amfani da farfelar da kusan rabinta ke wajen ruwa. Tafkin da ke kan tudu ko rana mai zafi kuma suna rage ƙarfin inji saboda ƙarancin iska, sai a buƙaci gajeren taku.

6.0 Kammalawa

An ga cewa farfelar da ta dace ita ce wadda ke barin inji ya kai iyakokin da aka tsara masa, ɗauke da nauyinsa na yau da kullum. Wannan ƙa'ida ta shafi kwale-kwalen inji da ke jigila a Yawuri da tafkin Kainji da tafkin Chadi. Farfelar da ta dace da jirgi mara kaya tana iya shaƙe injin idan an lafta buhunan hatsi da fasinjoji, kuma mutuwar inji a tsakiyar kogi barazana ce ga rayuka. Samar da kalmomi irin su taku da zamiya zai sauƙaƙa isar da wannan ilimi ga matuƙa da makanikai cikin harshen da suke aiki da shi.