Ko Ka Sani? Man Sitiyari Ba Ya Ƙarewa, Sai Dai Ya Zube

Ko ka san cewa man da ke sa sitiyarin motarka laushi ba a ƙona shi kamar fetur? Zagayawa kawai yake yi: ya fito daga ɗan tankinsa, famfo ya tura shi zuwa rak, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, ya gama aikinsa ya koma inda ya fito. Mota za ta iya shekara da shekaru ba a ƙara mata ko cokali ɗaya ba. Saboda haka duk ranar da ka buɗe murfin ka tarar man ya sauka ƙasa da layi, to akwai inda yake fita. Amma sai ka ga direba ya ajiye gorar mai a but, kowace safiya ya ɗan tsiyaya, har abin ya zama masa al'ada kamar duba ruwan lagireto. Wannan al'ada ita ce take mayar da gyaran 'yar roba ya koma sayen famfo da rak gaba ɗaya.

Dabarar sitiyari mai aiki da mai ta daɗe. Wani injiniya ɗan Amurka, Francis Davis, ya gwada ta a mota tun 1926, amma sai a 1951 kamfanin Chrysler ya fara sayar da ƙaramar mota mai irin wannan sitiyari, wato Imperial. Daga baya aka koma na lantarki, wanda babu mai a cikinsa sam. Corolla ta 2009 zuwa sama, alal misali, na lantarki ne. Maganarmu ta shafi tsofaffin da suka cika hanyoyinmu ne, irin su Golf 3, da Camry ta kafin 2012, da Honda Accord ta 2003 zuwa 2007.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙarfin da man nan yake gudu da shi. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce awo 32 a ma'aunin mai faci ba. Famfon sitiyari kuwa, idan ka murɗa kan mota har ƙarshe, yana iya tura mai da ƙarfin da ya haura awo 1,000 a wannan ma'aunin. Fiye da ninki talatin ke nan. Shi ya sa tiyo biyun da ke haɗe da rak ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke kai mai daga famfo zuwa rak mai kauri ne, da zare a saƙe a cikinsa, an matse bakinsa da ƙarfe tun daga masana'anta. Wanda ke mayar da mai tanki kuwa roba ce kawai da kilif, don a lokacin ƙarfin ya riga ya faɗi. Idan na biyun ya tsage, a yanke wurin ko a sa sabo, a ɗaure, an gama. Idan na farkon ne, babu robar tayar keke ko gam ko kilif da zai riƙe shi. Ko dai a sauya shi, ko a kai wa masu injin matse tiyon manyan motoci su sa sabuwar roba a kan tsofaffin ƙarafan. Duk bakaniken da ya ce zai naɗe maka shi ka tafi, bai yi maka adalci ba.

Kafin a zo ga gyara, sai an gano wurin, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi. Yoyon mai kamar yoyon rufin kwano ne: inda ruwa ke ɗiga a ɗaki ba lallai nan ne ƙusar ta huda ba. Mai yana bin tiyo ya gangara, iska ta kora shi baya idan mota na gudu, ƙura ta manne masa, har ƙasan injin duka ya zama baƙin caɓi. Bakanike ya leƙa ya ga rak a jiƙe, ya ce rak ya mutu, alhali daga sama man yake sauko masa. Hanyar da ta dace ba ta da tsada, haƙuri kawai take so. A wanke wurin tas, a bar shi ya bushe. A cika tankin zuwa layi, a shimfiɗa kwali a ƙasa, a tayar da inji, wani ya riƙa juya sitiyari dama da hagu a hankali, kai kuma kana haskawa da tocila. Wuri mafi tsayi da ya fara jiƙewa shi ne mai laifi. Idan yoyon ƙanƙane ne, a barbaɗa farar hoda a kan mahaɗan tiyo da jikin famfo, a ɗan zaga gari a dawo; man zai zana hanyarsa a kan hodar. Sai dai kada ka kuskura ka shafa tiyon mai ƙarfi da hannu inji na aiki. Man da ke fita ta ƙaramar huda da irin wancan ƙarfi yana iya ratsa fata, ga kuma bel da fanka suna juyawa kusa da yatsunka.

Launin ɗigon da ke kan kwalin ma yana magana, amma kada a dogara da shi shi kaɗai. Tsofaffin Toyota da man giya ja suke aiki a sitiyari, don haka jan ɗigo zai iya zama daga giya, zai iya zama daga sitiyari. Na Honda fari-fari ne mai ɗan ruwan zuma idan sabo ne. Na Volkswagen da yawa kore ne. Duk kuma idan suka tsufa baƙi suke komawa.

Akwai yoyon da ba ya ɗiga ƙasa ko kaɗan, kuma shi ya fi rikita mutane. A kowane gefe na rak akwai wata roba mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke rufe sandar da ke tura taya. Aikinta tare ƙura da ruwa ne, cikinta bai kamata a sami mai ba. Idan sil ɗin cikin rak, wato robar da ke tare mai, ya gaji, man yana taruwa a cikin robar nan, tanki yana ta sauka, ƙasa kuma a bushe. Matsa ta da hannu inji a kashe. Idan ka ji ta cika tana motsi da ruwa, ko ka sassauta kilif ɗinta mai ya zubo, to ka kama ɓarawon. A ganina wannan robar ita ce abin da mai tsohuwar mota a ƙasarmu ya fi kamata ya sa wa ido. Tana yagewa, yashi da ƙurar hunturu su shiga su kankare sandar, sandar kuma ta cinye sil. Idan sandar ta yi zane ko tsatsa, ko an sa sabon sil ba zai daɗe ba, sai dai wani rak ɗin. Wanda zai sayi na Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ya ja robar baya ya duba sandar da idonsa kafin ya biya, kuma bayan an ɗaura a je a yi saitin tayoyin gaba.

Wani lokacin kuma iska ce ke shiga, maimakon mai ya fita. Alamarta kuka ne da sassafe idan ka juya sitiyari, da kumfa a cikin tanki. Tiyon da ke kawo mai daga tanki zuwa famfo zuƙa ake yi ta cikinsa, don haka idan ya bushe ya ƙandare, ko 'yar zoben robar da ke bakin famfo ta saki, sai famfon ya riƙa haɗiyar iska. An san Honda Accord da wannan, kuma sau da yawa zoben robar nan kaɗai ake sauyawa kukan ya ɗauke. Famfo nawa aka cire aka jefar, lafiyarsu ƙalau, saboda robar da ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba!

Shi kansa famfon yakan yi yoyo ta sil ɗin da ke bayan fulin da bel ke juyawa. Za ka ga man ya fantsama a zagaye, bel ya jiƙe yana ƙara. A wasu motocin altaneta na ƙarƙashinsa, man ya riƙa ɗiga a kanta har ta daina caji. Inda noti ya ɗaure tiyo kuma, a wasu motocin akwai wosha ta jan ƙarfe guda biyu. Sau ɗaya ake matse su, idan an kwance sai a sa sababbi. Motocin da suka yi zama a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara sukan zo da bututun ƙarfen man sitiyari da ke gaban lagireto a cinye da tsatsa, shi ma a duba shi.

Batun irin man da za a zuba ba wasa ba ne. Karanta abin da aka rubuta a kan murfin tankin ko a littafin motar. Honda nata man na musamman take so, man giya yana lalata mata sil. Man birki kuwa bai da wurin zama a sitiyarin kowace mota, domin sinadarinsa daban ne, kuma robobin ciki ba za su jure shi ba. Su kuma ruwan kwalba da ake tallar suna toshe yoyo, abin da suke yi shi ne kumbura tsohon sil na ɗan lokaci. Ba sa ɗinke tiyon da ya tsage, ba sa goge zanen sanda.

Bayan kowane gyara dole a fitar da iskar da ta shiga. A ɗaga gaban mota da jak, inji a kashe, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau ashirin ana ƙara mai, sannan a tayar a sake, har kumfa ta ɓace. Kuma a daina danne sitiyari a ƙarshensa ana riƙewa lokacin juya mota a lungu. A daidai nan ƙarfin man yake kai maƙura, ya yi zafi, tsohon tiyo ya fashe.

Mai cewa zai ci gaba da ƙara mai har ya samu kuɗi, ya san abin da yake ɗauka. Idan man ya ƙare a tafiya, sitiyari bai rabu da tayoyi ba, amma zai yi nauyi farat ɗaya, wataƙila a tsakiyar kwana, famfon kuma ya ci kansa ya watsa garin ƙarfe cikin rak. Sannan man nan yana kama wuta idan ya fesu a kan salansa mai zafi. A 2012 kamfanin Honda ya kira motocin Accord masu silinda shida na 2003 zuwa 2007, sama da rabin miliyan a Amurka, don a sauya musu tiyon sitiyari saboda wannan haɗarin. Idan kana jin ƙaurin mai daga ƙarƙashin bonet, kada ka hau babbar hanya da motar sai an ga inda yake fita.