Ƙissar Betty da Barney Hill a Ma'aunin Malaman Hadisi

Gabatarwa

A daren 19 ga Satumba, 1961, Barney Hill, ma'aikacin gidan waya a Amurka, da matarsa Betty suna dawowa daga Kanada zuwa garinsu Portsmouth a jihar New Hampshire, sai suka ga wani haske a sama da suka ce yana bin motarsu. Daga baya suka lura cewa tafiyar ta ƙaru da kimanin sa'o'i biyu waɗanda suka kasa faɗin yadda suka shuɗe. Wannan ƙissa ita ce ta farko da ta shahara a da'awar cewa wasu halittu daga wata duniya suna ɗauke mutane. Manufar wannan maƙala ita ce auna ta da ƙa'idojin karɓar labari.

Yadda Ruwayar ta Samu

Bayan kwana goma Betty ta fara mafarkin an shigar da su wani jirgi ana bincikar jikinsu. Ta rubuta mafarkan, mijinta kuma ya ji tana ba da labarinsu. A 1964 likitan ƙwaƙwalwa Benjamin Simon na Boston ya yi musu jinya ta hanyar hifnosis, wato sanya mutum cikin wani hali tsakanin barci da farke, inda kowannensu ya ba da labarin ɗaukewar. Simon da kansa ya karkata ga cewa mafarkan Betty ne tushen abin da Barney ya faɗa. Duk da haka, littafin John Fuller na 1966 ya yaɗa ƙissar a duniya.

Adala da Labɗi

Malaman hadisi sun shardanta abu biyu ga mai ruwaya: adala, wato gaskiyarsa, da labɗi, wato kiyaye abin da ya ji ko ya gani. Likitan bai tuhumi ma'auratan da ƙarya ba, don haka matsalar tana wajen labɗi. Na farko, bayanin ɗaukewar ya fara ne daga mafarki, mafarkin wanda ba annabi ba kuwa ba hujja ba ne. Na biyu, ba a ɗaukar ruwayar Barney a matsayin mutaba'a, domin sanadinta yana komawa ga Betty. Na uku, mutum a halin hifnosis yana saurin karɓar abin da aka sanya masa a baki, wanda shi ne talƙinin da malamai suka raunana masu ruwaya saboda shi. Taswirar taurarin da Betty ta zana ma, wadda Marjorie Fish ta danganta da taurarin Zeta Reticuli, Carl Sagan ya nuna cewa daidaituwarta ta zaɓen son rai ce.

Kammalawa

Wajibi ne ɗalibi ya rarrabe tsakanin yiwuwar abu da aukuwarsa. Aya ta 29 a Suratush Shura ta ambaci halittun da Allah Ya watsa a sammai da ƙasa, ikonsa kuwa ba ya da iyaka, amma wannan ba ya tabbatar da wata ƙissa ayyananniya. Haka nan wanda ya gaggauta cewa aljanu ne suka ɗauke su ya fassara abin da bai tabbata ba, alhali tabbatar da labari yana gaban tawilinsa, kamar yadda aya ta 6 a Suratul Hujurat ta koyar. Allah ne Mafi sani.